Romon Ɗan Fari

Shekara goma sha tara Malam Shu'aibu ya yi yana girki a gidan Alƙali Muhammad Sani a Nassarawa, amma ko sau ɗaya bai taɓa jin Hajiya Hafsatu ta ambaci sunan ɗanta na fari ba. Usaid sunansa, kowa a gidan haka yake kiransa, har mai gadi. Ita kuwa sai dai ta ce "yaron nan", in ta matsu ta ce "wancan". Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, da ita ta taso tun daga gidan iyayenta, kuma zaman unguwar manya da zuwa Makka sau huɗu ba su rage mata komai ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Ranar da ya gama jami'a ma, da aka zo yi mata barka, kawar da kai ta yi ta shiga tambayar baƙi ko sun sha ruwa.

To ana cikin hayaniyar kamfen ɗin zaɓe, gari duk ya cika da fastoci da jiniya, sai ayarin motocin wani ɗan takara ya yi awon gaba da motar Usaid a wani shataletale. Ya rayu, amma laka ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, ko allura ka soka masa. Aka dawo da shi gida aka kwantar a ɗakin baƙi na ƙasa, saurayi ɗan shekara ashirin da bakwai, injiniya, sai an juya shi kamar jariri. Wata huɗu ke nan.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kuma ka san mutanenmu, ba mai zuwa hannu rabbana. Wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo man shafawa, wani ya ce ya san mai ɗori a wani ƙauye da ke ta da gurgu cikin kwana bakwai. Wani man da aka shafa masa ne ya sale masa fatar cinya, shi kuma bai ji ba sai da ta yi ruwa. Ranar Alƙali ya tara mutanen gidan kaf, ya rantse da Allah cewa duk wanda ya ƙara ba yaron nan wani abu da ba likita ne ya rubuta ba, to ya bar masa gida. Mutum ne da tun da aka dawo da shari'a a Kano yake zaman kotu, in ya yi magana ba ya maimaitawa. Kowa ya shiga taitayinsa.

Hajiya kuwa a duk wata huɗun nan ba wanda ya taɓa ganinta a bakin gadon. 'Yan matan dangi har gulma suke yi, wai zuciyar matar nan dutse ce. Shu'aibu dai ya san ƙarya suke, domin tagar kicin tana kallon bayan ɗakin mara lafiya, kuma kullum bayan sallar asuba yana hango ta tsaye a gindin mangwaro, jikin bango, tana sauraren numfashin ɗanta ta taga. In ta ji motsin mutum sai ta yi kamar shanya ta zo dubawa.

Sati shida da suka wuce ne ta same shi a kicin da hantsi. Ta ce 'yarta Najla, wadda ke karatun harhaɗa magunguna a Maleshiya, ta faɗa mata a waya cewa masu bincike sun tace wani sinadari daga kurkum, suna kiransa kurkumin, sun ba ɓerayen da lakarsu ta lalace, wasu daga ciki har sun fara jan ƙafa. Najla ta ƙara da cewa a jikin ɓeraye ne kawai, ba a tabbatar a jikin mutum ba, amma wannan rabin maganar bai shiga kunnen uwa ba. Abin da take so shi ne kullum a yi wa yaron nan romon kaza, a zuba kurkum sosai da ɗan masoro. Shu'aibu ya tuna mata rantsuwar Alhaji.

"Ai ba magani ba ne, Shu'aibu," in ji ta. "Kayan miya ne. Amana na ba ka, tsakanina da kai."

Wallahi da ganin idonta a ranar ba za ka iya ce mata a'a ba. Ya je Kasuwar Rimi ya zaɓo kurkum mai kyau, ya shanya, ya daka da hannunsa. Ya fara da cokali biyu, Hajiya ta ce a mai da shi huɗu. Bayan sati ɗaya kuma ta fara miƙo masa wani ƙullin takarda kowace safiya, da gari a ciki wanda launinsa ya fi na kurkum ɗin kasuwa kauri, ta ce ya haɗa. Bai tambaya ba. Romo ya yi rawaya shar, duk wanda ya gani sai ya ɗauka garin kori ne ya yi yawa. Usaid yana sha yana yamutsa fuska yana tsokanarsa, wai Baba Shu'aibu tsufa ya fara taɓa masa hannu. Ranar da mai jinya ta ce kamar ta ga babban ɗan yatsan ƙafarsa ya motsa, Hajiya ta shigo kicin ta tsaya tana hawaye.

Ran Juma'ar da ta wuce wanzami ya zo yi wa Usaid aski, aska ta ɗan taɓa shi a bayan kunne. Yanka ne da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma har sau uku wanzamin yana zuwa kicin neman ƙanƙara, jini ya ƙi tsayawa sai wajen la'asar. Aka ce zafin gari ne. Shu'aibu ma haka ya ɗauka.

Ran Talata aka sa za a yi aikin. Wani ƙwararren likitan ƙashin baya ne ya zo daga ƙasar waje, kwana biyu kacal zai yi a wani asibitin kuɗi a cikin gari, kuma da ƙyar aka samar wa Usaid gurbi. Za a buɗe bayan a sa ƙarfe a tallafe ƙashin da ya goce, ko ya samu ya riƙa zama a keke ba tare da azaba ba. Ƙarfe ɗaya na rana za a shiga da shi. Da takwas na safe likitan gidan, Dakta Hamisu, ya iso da motar asibiti da takardun da za a sa hannu.

Shu'aibu ya shigo falo da tiren shayi daidai lokacin da likita ke bin tambayoyin takardar ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa yana zubawa. Likita ya ce maganin tsinka jinin da ake ba Usaid saboda doguwar kwanciya an tsayar da shi tun kwanakin baya, wannan ya sani. Abin da yake so ya tabbatar shi ne ko akwai wani abu daban da yake sha, na gargajiya ko na kanti, ko irin su citta da tafarnuwa da kurkum in ana ɗura su da yawa, domin suna iya hana jini daskarewa da wuri kuma ba lallai gwajin da aka yi ya nuna ba.

"A gidan nan babu," in ji Alƙali. "Na hana, kuma an hanu."

Likita ya ce madalla, domin aiki ne mai zubar da jini, kuma a jikin laka ake yinsa. In jini ya ƙi tsayawa a wurin, ko dai ya taru ya danne abin da ya rage na lakar, hannuwan ma su tafi, ko kuma mutum ya tafi gaba ɗaya a kan tebur. Alƙali ya karɓi biro ya sa hannu. Shu'aibu kuwa shayi yake zubawa har ya cika kofi ya malala a tire bai sani ba, sai da Alƙali ya daka masa harara.

Shu'aibu ya fito daga falon. Bayan kunnen nan ne ya faɗo masa a rai, da wanzami yana zarya da ƙanƙara. Jiya da yamma ma, da yake an ce daga tsakar dare ba ci ba sha, Hajiya ƙulli biyu ta ba shi maimakon ɗaya, wai don yaron ya shiga aikin da ƙarfinsa. Shi da hannunsa ya zuba, ya juya, ya kai.

Abin takaicin shi ne da Hajiya tana falon nan da kunnenta ta ji, da magana ta ƙare. Amma ina, ai ba ta zama inda ake maganar ɗan fari. Likita da uba yake magana, uba kuma bai san abin da ke cikin tukunya ba, wadda ta sani tana can ƙuryar ɗaki. Shi kaɗai ne a duk gidan ya ji ɓangare biyun.

Ya bi ta baya ya je ƙofar sashenta ya yi sallama. Tana kan darduma da carbi, ta amsa ba tare da ta juyo ba. Daga bakin ƙofa ya tsuguna ya zayyana mata duk abin da likita ya faɗa, bai rage ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ce ai an gwada jininsa shekaranjiya an ce lafiya lau. Ya ce likita ya ce ba lallai gwaji ya nuna ba. Ta ce kurkum ne fa, abin da ake ci a shinkafa, su likitoci komai sai sun tsorata mutane. Ya tuna mata askin ran Juma'a. Ta ce in aka faɗa za a fasa aikin, baƙon likitan gobe zai hau jirgi, yaron nan ya ci gaba da kwanciya yana cizon matashi don ciwo, kuma a ce ita ce sila. Ta ce da wane ido za ta kalli Alhaji, da wane baki za ta tsaya gaban maza tana maganar yaron nan.

"Hajiya, in bai tashi daga teburin ba fa?"

"Allah ba zai sa ba. Ka riƙe min amanata, Shu'aibu."

Ta miƙe ta turo ƙofar a hankali har ta rufu. Ya daɗe a tsugune yana kallon katakon, yana jin haushinta yana jin tausayinta, ya rasa wanda ya fi yawa.

Ya koma kicin ya kama yankan albasar da ba wanda ya sa shi. Shekararsa sittin ba kaɗan, daga wani ƙauye a Jigawa ya zo gidan nan Usaid yana aji uku a firamare, shi yake ɓoye masa ƙanzo a bayan tukunya. A iya saninsa mutumin kirki ba ya tona asirin uwar gida, balle a gaban mijinta, balle abin da aka ce masa amana. Kuma ya san Alƙali, rantsuwarsa ba wasa ba ce. Ya ce a ransa wataƙila Hajiya ce da gaskiya, wataƙila ba abin da zai faru. Sai ya ji ƙarar motar asibiti tana ja da baya zuwa ƙofar falo, ya ajiye wuƙar.

Da ya fito tsakar gida har an ɗauko Usaid a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ma'aikatan asibiti biyu da direba da mai gadi suna riƙe da shi. An lulluɓe shi da farin zane zuwa ƙirji, ya rame, amma yana ta ƙoƙarin ba mutane dariya don kada a ga tsoronsa. Da ya hango kuku sai ya ɗaga hannu.

"Baba Shu'aibu, a yafe mu. In na dawo a rage wa romon nan ɗaci."

Aka yi 'yar dariya. Aka ɗaga gadon, aka ɗora gabansa a bayan mota. Alƙali yana tsaye da babbar riga yana karanta addu'a a hankali, likita yana duba agogo. Shu'aibu ya waiwaya wajen sashen Hajiya, labulen tagarta a sake, ba motsi. Aka tura gadon ciki, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya kama murfin ƙofar.

"Likita, a dakata," in ji Shu'aibu. Ba wanda ya ji, sai da ya sake faɗa. "A dakata. Akwai kurkum. Sati shida ina zuba masa a romo, cokali huɗu kullum."

Likita ya sa hannu ya tare ƙofar motar. Alƙali ya juyo gaba ɗayansa ya dube shi irin kallon da yake yi wa mai ba da shaida, ya tambaye shi wa ya sa shi. Shu'aibu ya durƙusa a kan siminti ya ce ba kowa, shi ya ji a rediyo, shi ya ga dama. Alƙali ya ce a wace tasha, wace rana. Ya ce ya manta. Alƙali ya ce shekara sha tara bai taɓa ƙara ko gishiri a abincin mara lafiya ba tare da an ce masa ba, yau ne zai fara? Shu'aibu ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa duk hukuncin da ya dace.

Likita ya katse su, ya ce hukunci ya jira, shi adadi yake so. Garin kasuwa ne zalla, ko akwai wani abu? Shu'aibu ya so ya ce zalla, amma ya ga in ya ɓoye wannan to tonon da ya yi bai amfana komai ba. Ya ce akwai wani gari a ƙullin takarda. Na mene ne? Bai sani ba. Daga ina? Ya yi shiru. Likita ya matso kusa da shi, ya ce Malam ka ji tsoron Allah, garin miya daban, abin da aka tace aka matse a ƙwaya daban, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba zai iya ce wa baƙon likita ya yanka ko kada ya yanka ba sai ya ga kwalbar da idonsa. Tara da kwata ta yi, ana jiransu a asibiti tun tara.

"Tambayarka ake yi," in ji Alƙali, a hankali, wanda ya fi tsawa ban tsoro.

Gumi ya jiƙa wa Shu'aibu riga. Ya riga ya ci rabin amana, ragowar rabin kuma ya tsaya masa a maƙogwaro, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa.

Sai aka ji ƙarar ƙofar sashen mata. Hajiya Hafsatu ce ta fito da hijabin sallarta, ba ko takalmi, ta ratso tsakar gida a gaban direba da mai gadi da baƙin maza. Ba ta kalli mijinta ba. Ta miƙa wa likita wata farar kwalbar roba, ta ce wata ƙawarta mai zuwa Dubai ce ta sayo mata, ita take fasa ƙwayoyin ta juye a takarda.

"Ni na sa shi. Guda huɗu kullum, jiya takwas. Shu'aibu bai san ko mene ne ba."

Likita ya juya kwalbar ya karanta, ya ce a jiki an rubuta ɗaya a rana. Ya koma gefe ya kira asibiti, ya yi magana da Turanci ta kusan minti biyar, kowa yana tsaye inda yake. Da ya dawo ya ce baƙon likita ya ce ba zai taɓa bayan ba, sai an yi aƙalla sati biyu ba a sha ba an sake gwaje-gwaje, shi kuma gobe zai tafi, sai bayan wata shida zai sake zagayowa. Ya juya ga Hajiya ya sassauta murya, ya ce binciken da ta ji ba ƙarya ba ne, ana yinsa, wataƙila wata rana ya zama magani, amma yau ba wanda ya san adadin da ya dace da mutum, ko ma yana yi wa mutum aiki. Motsin ɗan yatsa kuma, ya ce, ƙafar da ta shanye takan zabura da kanta. Ya ce da an shiga da shi yau, shi dai ba zai iya rantsuwa cewa za a fito da shi ba.

Alƙali ya daɗe yana kallon matarsa, ita kuma tana kallon ƙasa. Kowa ya san rantsuwar da ke kansa, kowa yana jira ya ji. Can ya ce wa Shu'aibu ya tashi, gobe ya dafa abincin mutum goma a kai wa mabuƙata, zai yi kaffarar rantsuwarsa. Sannan ya ce a sauko da yaron.

Aka jawo gadon daga mota. Wata shida ke nan aka ƙara masa na kwanciya da ciwo, kuma duk ya ji da kunnensa. Shu'aibu ya kasa kallonsa. Da aka zo wucewa da shi ta gaban Hajiya sai ya ce a tsaya, aka ajiye gadon a ƙasa.

"Hajiya," in ji Usaid, "ni fa na ɗauka tun da na zama haka ne kika kasa kallona."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinta kamar an taka ta. Ta zube a gwiwa a ƙarshen gadon, nan tsakar gida a gaban kowa, ta kama ƙafarsa ta cikin zanen da hannu biyu ta riƙe gam, tana kuka ba ta ko ɓoye fuska. Mai gadi ya juya baya, direba ya sunkuyar da kai. Usaid ya ɗago kai da ƙyar yana leƙen inda take, ya ga abin da ta riƙe.

"Nan ba na ji, Hajiya," ya ce. "Ga hannuna."

Ta ja gwiwa ta matso sama, ta kama.